Tace Mambobi A Shafin Ƙungiya: Yadda Ake Ware Mutanen Gazari Da Na Machika, Da Abin Da Bai Kamata A Tambaya Ba

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙungiya a Sabuwa ya san irin wannan rana. Damina ta kawo jiki, an ji ƙishin-ƙishin za a raba taki ko iri, sai shugaba ya kira sakatare bayan magariba ya ce kafin gari ya waye yana son sunayen mambobin da ke Gazari da Machika, masu noman masara kawai, kowa da lambar wayarsa. Sakatare ya ɗauko babban littafi da fitilar waya, ya dinga bi layi-layi yana kwafa. In an yi sa'a ya gama kafin asuba. In ba a yi ba, a wayi gari an tsallake mutum goma, ciki har da wanda bai taɓa fashin biyan kuɗin wata ba, kuma ƙorafin da zai biyo baya sai ya kai kaka.

Matashin da ya koyi haɗa shafin intanet, in ya ga wannan wahala, abin da zai fara zuwa masa shi ne a mayar da rajistar kan intanet. Kowa ya cika fom daga wayarsa: suna, lambar waya, mazaɓa, ƙauye, abin da yake nomawa. Shawara ce mai kyau, kuma ba ta da tsada sosai. Sai dai ranar da shugaba ya sake cewa a fito masa da mutanen Gazari masu masara, nan ne matashin zai gane cewa tara bayanai daban, iya fito da su daban. Ga bayanan a cikin shafin, amma shafin bai san yadda zai amsa tambayar ba.

Me ya sa shafin bai san Gazari ba?

Yawancin shafukan irin wannan ana gina su ne a kan WordPress, manhajar sarrafa shafi da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, wadda yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya ke kanta. Asalinta an yi ta ne don masu rubutu, shi ya sa abin da ta sani game da mai rajista kaɗan ne: sunan shiga, imel, kalmar sirri, ranar rajista, da sunan da zai bayyana ga jama'a. Waɗannan suna zaune a jadawali guda cikin rumbun bayanan shafin, mai suna wp_users.

Duk wani abu da ya wuce wannan, kamar mazaɓa ko irin amfanin gona, mai shafi ne ke ƙirƙirar masa gurbi da kansa. Waɗannan ƙarin gurabe suna tafiya wani jadawalin na biyu, wp_usermeta, inda kowane bayani ke cin layinsa shi kaɗai: lambar mamba, sunan gurbin, sai abin da aka rubuta a ciki. Misali, layi ɗaya ya ce mamba na 57, mazaɓa, Gazari. Wani layin can ƙasa ya ce mamba na 57, amfanin gona, masara. Hatta sunan yanka da sunan mahaifi a wannan jadawalin na biyu suke.

Matsalar ita ce shafin mambobi da ke ɓangaren admin ba ya leƙa jadawali na biyu. Abin da yake iya warewa shi ne matsayi, wato wane ne mai gudanarwa, wane ne edita, wane ne marubuci, wane ne mai rajista kawai. Akwatin binciken da ke sama ma sunan shiga da imel da makamantansu yake dubawa. In mutum ya rubuta Gazari a ciki, amsar da zai samu ita ce babu kowa, alhali akwai mutum tamanin da suka cika Gazari a fom. Sai an ɗora wa shafin rariya ta musamman.

Hanyoyin ɗora rariya

Hanya ta farko ita ce filogin, wato ƙaramar manhajar da ake jona wa WordPress don ƙara masa aiki. Advanced Custom Fields na ba da damar ƙirƙirar gurabe a bayanan mamba. Admin Columns na fito da su fili a jerin mambobi, ko da yake tacewar kanta tana cikin nau'in da ake biya. Ultimate Member na kawo fom ɗin rajista da kundin mambobi mai rariya a jikinsa. Wanda ke amfani da tsarin kyauta na WordPress.com ya sani cewa ba a saka filogin a can, sai an koma na kuɗi ko an kama hayar wuri a wata uwar garken.

Hanya ta biyu ita ce rubuta umarnin da hannu, kuma ba ta kai tsoron da ake ji mata ba. WordPress ya tanadi wurare da ake rataya ƙarin umarni. Ta restrict_manage_users ake saka jerin zaɓi a saman sunayen mambobi, ta pre_get_users kuma ake gaya wa shafin ya duba jadawali na biyu kafin ya fito da sakamako, ta hanyar abin da ake kira meta_query. Akwai tarko guda da ke kama kusan duk sabon shiga: jerin zaɓin yana fitowa sau biyu, sama da ƙasan shafi, kuma in sunansu ɗaya ne, na ƙasa da ba a taɓa ba sai ya shafe zaɓin na sama. Mutum ya zaɓi Machika ya danna, shafi ya dawo masa da kowa da kowa. Maganin shi ne a nuna jerin a sama kawai. Sannan a ajiye umarnin a filogin ɗin kansa, domin in aka zuba shi a cikin fayilolin adon shafi, ranar da aka sabunta adon zai tafi da shi.

Wanda bai yi amfani da WordPress ba shi ma ba a bar shi a baya ba. Joomla ta shigo da ƙarin gurabe tun 2017, Drupal kuma na da Views, wanda ke cikin ainihin manhajar tun 2015, kuma aikinsa ke nan: jera bayanai da tace su. Blogger ne ba shi da wannan tsari na mambobi. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin shafi tana iya amfani da Google Forms ta tace amsoshin a Google Sheets daga waya. Ƙa'idodin da ke tafe sun shafi kowannensu.

Kafin a bar wannan gaɓa, akwai bambancin "da" da "ko", wanda a baki ba a kula da shi amma kwamfuta ba ta yafe shi. Shugaba ya ce mutanen Gazari da Machika. In aka ba wa shafi umarnin haka yadda aka faɗa, zai nemi mutumin da ke Gazari kuma yake Machika a lokaci guda, ya rasa. Abin da ake nufi shi ne Gazari ko Machika, sannan kuma masara.

Inda rariya ke yoyo

Ƙaramar hukumar Sabuwa na da mazaɓu goma: Sabuwa A, Sabuwa B, Damari, Dugun Mu'azu, Gamji, Gazari, Machika, Maibakko, Rafin Iwa da Sayau. In aka bar gurbin mazaɓa a buɗe kowa ya rubuta da hannunsa, goman nan za su koma arba'in. Wani zai rubuta Dugun Mu'azu, wani Dugun Muazu, wani D/Mu'azu. Maibakko za ta zo a haɗe, ta zo a rabe, ta zo da "k" ɗaya. Rariyar da aka ce ta nemo Dugun Mu'azu za ta kawo waɗanda suka rubuta daidai da haka ne kawai, sauran su zube ba wanda ya sani.

Ƙungiyar da ta haɗa duka mazaɓar tarayya ta Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kamar ta ɗalibai ko tsofaffin ɗalibai, tana da ƙarin ciwon kai. A wurin kwamfuta "k" da "ƙ" haruffa ne biyu daban. Wanda wayarsa ke da allon rubutun Hausa zai rubuta Ƙanƙara, wani ya rubuta Kankara, wani ma Qanqara kamar yadda aka saba a hirar WhatsApp. Gari ɗaya ya zama uku.

Wasu na ƙoƙarin toshe wannan ta hanyar cewa shafin ya kawo duk abin da ya ƙunshi kalmar, ba sai ya yi daidai da ita ba. Nan kuma sunan Sabuwa da kansa ke zama tarko, tunda kalma ce ta yau da kullum. Binciken "Sabuwa" zai kwaso har da wanda ya rubuta Sabuwar Unguwa yana zaune a birnin Katsina. Haka binciken "wake" zai haɗo da masu waken soya, a je rabon iri a tarar da rabin layin ba su ake nema ba.

Gyaran duk wannan abu ɗaya ne, kuma tun ranar farko ake yin sa: duk gurbin da za a tace da shi, a mayar da shi jerin zaɓi. Mutum ya taɓa ƙaramar hukuma, mazaɓunta su fito, ya zaɓi tasa. A can ciki shafin ya ajiye gajeren suna guda da ba ya canzawa, a fili kuma ya nuna cikakken sunan da ƙugiyarsa. Ƙungiyar da ta riga ta tara sunaye ɗari biyar da rubutun hannu ba ta da mafita sai wani ya zauna ya daidaita su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya fi kwafar littafin da aka gudo wa.

Lambobi ma suna da nasu halin. WordPress yana ajiye duk abin da ke jadawali na biyu a matsayin rubutu, ko da lamba ce. In ba a gaya masa ya ɗauke su a matsayin lissafi ba, zai kwatanta su kamar kalmomi, harafin farko da harafin farko, ya yanke cewa 9 ta fi 10 tunda 9 ta fi 1. Lambar waya kuwa akasin haka take so, a bar ta a rubutu. In aka sauke jerin aka buɗe a Excel ya ɗauke ta lissafi, sifilin farko zai faɗi, 0803 ta koma 803. Kuma a tsayar da tsari ɗaya, ko dai mai farawa da sifili ko mai +234, don kada mutum ɗaya ya yi rajista sau biyu ba a gane ba.

Sai batun nauyi. WordPress da kansa yana buɗe wa kowane mamba layi sama da goma a jadawali na biyu kafin a ƙara komai. Ƙungiya mai mutum 2,000 da ta ƙara gurabe bakwai za ta iya kai layi 40,000, kuma kowane sharaɗi da aka ƙara a tacewa yana sa shafin ya sake bin jadawalin. A ƙaramin wurin haya mai araha, da sabis mai ɗaukewa yana dawowa, tace mutum da sharuɗɗa biyar na iya sa waya ta yi ta juyi.

Jerin da bai kamata ya fita ba

A wasu garuruwan, bayanan mambobi in sun fita, abin da zai biyo baya shi ne tallan da ba a nema ba ko kiran 'yan damfara. A Sabuwa da maƙwabtanta lissafin ya wuce nan. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, cikinsu har da Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara da Dandume, kuma aka kwashe watanni a haka. Dalilin da hukumomi suka bayar shi ne raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Wato gwamnati ta ɗauki bayani a matsayin makami har ta yarda ta rufe wa miliyoyin mutane waya saboda shi.

To mai karatu ya dubi irin abin da ƙungiyoyi ke son tambaya a fom: hekta nawa kake nomawa, buhu nawa ka samu bara, shanu nawa gare ka, kana da mashin ko mota, wane ƙauye, kusa da ina gidanka yake. Lokacin da waɗannan ke warwatse cikin littafi, tattaro su aiki ne na kwanaki. Da rariya, taɓawa uku ce: ƙauye kaza, shanu sama da goma, a jero da lambar waya. Abin da ya sauƙaƙa wa sakatare aiki shi zai sauƙaƙa wa duk wanda ya samu shiga, kuma sakamakon fayil ne ƙarami da za a iya turawa cikin daƙiƙa guda.

Irin wannan fayil ba kasafai yake buƙatar ƙwararren ɗan kutse ba. Kalmar sirri ɗaya ce shugabanni biyar ke amfani da ita. An sauke jerin an tura zauren WhatsApp na shugabanni don kowa ya gani, daga nan ya zauna a wayoyi goma, ɗaya ta je wurin mai gyara, ɗaya aka bar ta a shagon caji. An yi sabon zaɓe amma ba a cire tsohon sakatare daga admin ba. Ko kuma an kunna kundin mambobi na filogin ba a lura cewa a buɗe yake ga duk wanda ya shigo shafin ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kutsen gaske ma yana faruwa. A tsakiyar 2023 an gano wata ɓaraka a Ultimate Member, wanda a lokacin ke kan shafuka sama da 200,000, kuma an yi amfani da ita kafin a toshe. WordPress yana ajiye matsayin mutum ne a jadawalin nan na biyu, wuri ɗaya da mazaɓa da amfanin gona, sai maharan suka samu hanyar rubuta wa kansu matsayin mai gudanarwa ta fom ɗin rajista. Masu filogin sun fitar da gyara, amma gyara ba ya amfanar shafin da aka gina aka manta ba a sabuntawa.

Matakan kariya ba su da wuyar fahimta. Kowane shugaba ya samu nasa sunan shiga, da tantancewa mai mataki biyu. A asali mai gudanarwa ne kaɗai ke ganin jerin mambobi a WordPress, don haka kada a raba wannan matsayi kamar goro. In akwai wakilin kowace mazaɓa, a tsara shafin ya ga mutanen mazaɓarsa kawai. Sauke jeri gaba ɗaya ya zama hannun mutum ɗaya ko biyu. Mafi ƙarfi duka shi ne kada a tambayi abin da ba a buƙata: don a raba taki, mazaɓa da irin amfanin gona sun isa. Yawan shanu da kwatancen gida ba su da aiki a wurin. In wata hukuma ta nemi NIN ko BVN don wani tallafi, a karɓa don wannan aikin kawai, a miƙa, a goge. Abin da ba a ajiye ba, ba a sace shi.

Abin da doka ta ce

A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Kafin ita akwai ƙa'idar NDPR da hukumar NITDA ta fitar a 2019. Dokar ba ta tsaya kan bankuna da kamfanonin waya ba, ta shafi ƙungiyar da ke tara bayanan mutane don wani aiki. Ta ce a karɓi bayani don manufa bayyananniya, a taƙaita ga abin da manufar ke buƙata, kuma kada a riƙe shi fiye da lokacin da ake buƙatarsa. Mamba na da haƙƙin ya nemi ganin abin da aka ajiye a kansa, ya sa a gyara kuskure, ko ya nemi a goge.

Akwai bayanan da dokar ta ware a matsayin masu tsananin muhimmanci, irin su lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da zanen yatsa. Wannan ya kamata ya sa mai haɗa shafi ya yi tunani sau biyu in aka ce ya ƙara gurbin ƙabila ko jam'iyya, musamman a yankin da rikici ya riga ya sa ana kallon-kallo. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta tuna cewa bayanan wanda bai kai shekara 18 ba na buƙatar amincewar iyaye ko mai kula da shi. In bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, dokar ta ba da awa 72 a sanar da hukumar.

Ranar da babu sabis

Darasi na biyu daga 2021 shi ne shafin intanet ba ya buɗuwa in babu intanet. Ƙungiyar da duk bayananta ke can sama, ranar da sabis ya ɗauke ta koma ba ta da komai a hannu. Don karɓar rajista a ƙauyukan da sabis bai kai ba, akwai manhajoji irin su KoboCollect da ke cika fom a waya ba tare da intanet ba, su tura daga baya in an shigo gari, kuma su ma suna karɓar jerin zaɓi. Don ranar rabo kuwa, a buga takarda mai ɗauke da suna da lambar rajista da wurin sa hannu kawai. Ba sai lambar waya da ƙauye sun hau takardar da za ta bi hannu ashirin ba.

Kafin a rubuta layin umarni ko ɗaya, abin da ya fi dacewa shi ne mai haɗa shafin ya zauna da shugabannin ƙungiya da takarda da biro, a jero tambayoyin da aka saba yi wa sakatare a shekara: su wa ke mazaɓa kaza, su wa ke noman kaza, su wa suka biya kuɗin wata. Kowace tambaya ta haifi gurbi ɗaya mai jerin zaɓi. Gurbin da aka rasa tambayar da zai amsa, a soke shi tun a takarda. Galibi abin da zai rage bai wuce shida ba: suna, lambar waya, ƙaramar hukuma, mazaɓa, sana'a ko amfanin gona, da matsayin biyan kuɗi.

Da waɗannan shidan, in shugaba ya kira bayan magariba, sakatare zai zaɓi Gazari, ya ƙara Machika, ya taɓa masara, ya ga sunayen kafin shayinsa ya huce. In an gama rabo, ya goge fayil ɗin daga wayarsa.